Kafin Ka Sayi Busta, Ka Gano Inda WiFi Ɗin Gidanka Ke Ciwo

Wata magana ta yaɗu a kasuwannin waya da zaurukan WhatsApp har ta zama karatun da kowa ya haddace: wai idan intanet ɗin gidanka na jan ƙafa, ka sayi busta, ka cusa a soket, nan take gudu ya ninka. Da wuya yanzu a kira ni gyaran WiFi ban tarar da ita maƙale a bango tana ƙyafta fitila ba, wani gidan ma guda biyu, kuma ƙorafin da ya sa aka sayo ta yana nan daram. Maganar nan ta ishe ni. Magidanci ya ɗauki kuɗin da zai ishe shi datar wata guda ya miƙa wa mai shagon da bai taɓa ganin gidansa ba, bai san kaurin bangonsa ba, bai ma tambaye shi wane layi ne a cikin rautarsa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Busta ba ta ƙirƙirar intanet. Abin da bai shigo gidanka ba, babu na'urar da za ta raba maka shi a ɗakuna.

Tsakanin wayar da ke hannunka da bidiyon da kake son kallo akwai zango biyu. Zangon farko daga kamfani ne zuwa rauta: ko ta sim da ke kamo sabis daga ƙarfen sabis na unguwa, ko ta kebul ɗin faiba da aka jawo maka har gida, ko ta farantin Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023. Zango na biyu daga rauta ne zuwa wayarka da kwamfutarka da talabijin. Wannan na biyun kaɗai ne WiFi. Alamar nan mai lanƙwasassun layuka da ke saman fuskar wayarka, shi kaɗai take aunawa. Za ta iya cika maƙil alhali sim ɗin da ke cikin rautar ko data babu a kansa. Kamar ruwan famfo ne: bututun cikin gida na iya zama sababbi fil, amma idan ba a sako ruwa daga babban layi ba, ƙara kan famfo a kowane ɗaki ba zai cika maka ko buta ba.

Abin da bustar ke yi a zahiri

Na'urar da ake sayar muku da sunan busta, aikinta ta saurari siginar rautarka ta sake maimaita ta. Iyakarta ke nan. Masu arahar cikinsu, waɗanda su ne suka cika kasuwa, rediyo ɗaya gare su, da shi suke saurare, da shi suke magana, kuma ba sa iya yin biyun a lokaci guda. Saboda haka duk abin da ya biyo ta cikinsu sai ya ratsa iska sau biyu a tasha ɗaya, gudun ya ragu da kusan rabi. Wato a rana mai kyau ma, rabin abin da ta samu take ba ka.

Sannan ga inda ake sa ta. Mutum ya ga ɗakin ƙurya ba ya samun sigina, sai ya kai bustar can cikin ɗakin ya jona. To me za ta maimaita? Raunanniyar siginar da wayarsa ta kasa kamawa, ita ɗin ce dai ita ma take kamawa da ƙyar. Sai ta shiga watsa tata siginar da ƙarfi, alamar WiFi a wayar ta cika, maigida ya yi murna, ya buɗe YouTube, abin ya tsaya yana juyawa. Wannan cikar alamar ce ta sa ƙaryar ta ƙi mutuwa. Ido na ganin canji, aiki bai canza ba.

Akwai 'yan uwan wannan ƙarya da ke tafiya tare da ita. Wai yawan eriya shi ne ƙarfi, don haka rauta mai ƙaho takwas ta ninka mai biyu sau huɗu. Ba haka abin yake ba. Dokokin ƙasashe sun ƙayyade ƙarfin da rauta za ta iya watsawa, kuma ko da rautar ta yi ihu ta ratsa bango uku, dole wayarka ta mayar mata da amsa, ita kuwa da 'yar mitsitsiyar eriyarta da batirinta za ta amsa. Yawancin wayoyi hanya ɗaya ko biyu kacal suke iya magana da rauta, komai yawan ƙahonta. Haka lambar da ke jikin kwali. Idan ka ga an rubuta AC1200, an haɗa megabit 300 na zubin rediyo ɗaya da 867 na ɗaya zubin ne, aka cike lissafin ya zama 1200. Babu wata waya da za ta taɓa ganin wannan jimla, domin zubi ɗaya take hawa a lokaci guda. Kuma idan kamfaninka megabit 10 yake kawo maka, 10 ɗin za ka samu ko da rautar ta miliyan ce.

Manhajojin waya da ke alƙawarin ƙara gudun WiFi kuwa, ka goge su yau. Babu manhajar da ke canza eriyar waya ko ta sirantar da bango. Talla suke cusa maka, da datarka kuma suke sauko da tallar.

Wata busta ta daban ita ce mai ƙara ƙarfin sabis ɗin waya kansa, wadda ake kafa wa eriya a saman rufi. Ita wannan ta wuce asarar kuɗi. Marar inganci tana mayar da hayaniya zuwa ƙarfen sabis ta lalata wa unguwa gaba ɗaya kira da intanet, kuma hukumar NCC ta yi gargaɗi cewa sayar da ita ko kafa ta ba tare da izini ba laifi ne. Ka gyara ɗakinka ka ɓata wa maƙwabta, ba gyara ka yi ba.

Sai kuma waɗanda ke ganin sunan WiFi ɗinsu ya fito biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe, su ɗauka sun samu 5G irin wanda MTN ta ƙaddamar a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023. Wasu murna suke yi, wasu kuma tsoro ya kama su su kashe. Wancan 5G na jikin sunan WiFi gigahaz 5 yake nufi, zubin rediyon da rauta ke amfani da shi a cikin gida tun kafin a yi mafarkin 5G na waya. Babu abin da ya haɗa su.

Gwajin da ya kamata ya riga sayen komai

Ba zan ɓata lokaci kan yadda ake sa sim ko jona caja ba. Ga abin da za ka yi. Ka tsaya taku biyu daga rautar, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, ka rubuta lambar da ta fito. Ka je ɗakin da ake kuka da shi, ka sake, ka rubuta. Ka yi wannan da asuba, ka sake yi bayan isha'i. Idan kana da kwamfuta da kebul, ka jona ta kai tsaye a bayan rautar ka auna, wannan ya fi kowanne gaskiya. Ka lura gwajin kansa yana cin data, kada ka mayar da shi abin wasa.

Lambobin nan huɗu sun gama maka bincike. Idan a gaban rautar ma gudun ba shi da kyau, ciwon na zangon waje ne, kuma duk abin da za ka saya don cikin gida asara ce. Idan a gabanta lafiya lau amma a ɗaki ya faɗi, ciwon na cikin gida ne. Idan da asuba yana gudu da daddare ya kwanta, cunkoso ne: mutane sun yi wa ƙarfen sabis ɗin unguwarku yawa. Idan kuma waya ɗaya ce ke wahala sauran na tafiya daidai, ka ƙyale rautar ka duba wayar. Ka sa ta manta da WiFi ɗin ka sake shigar da kalmar sirri. A kwamfuta, idan ka ga adireshin da ta samu ya fara da 169.254, rautar ba ta ba ta adireshi ba ke nan, ka kashe su duka biyun ka kunna.

Ka kuma san ma'aunin da kake karantawa. Kamfanoni da megabit suke talla, wayarka kuwa da megabayit take nuna saukar fayil, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Wanda ya sayi megabit 20 ya ga fayil na sauka a kan megabayit 2.5 cikin daƙiƙa, ba a cuce shi ba, abin da ya saya ke nan cif.

Idan ciwon na waje ne

Mafi yawan gidajenmu da rauta mai sim suke aiki, don haka a kanta zan tsaya. Ka ɗaga ta ka duba ƙasanta, akwai 'yar takarda manne da adireshin shiga saitinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a na'urorin Huawei kuma 192.168.8.1. Ka rubuta shi a burauzar waya ka shiga. Ka nemi lambobi biyu, RSRP da SINR. Ta farko ƙarfin siginar ƙarfen sabis take nunawa, kuma da alamar ragi take zuwa: kusa da -80 ko -90 abu ya yi kyau, idan ta gangara -110 zuwa ƙasa kana bakin gaɓa. Ta biyu tsabtar siginar take nunawa: sama da 13 ka gode Allah, kusa da sifili kuwa hayaniya ta rinjayi magana. Yanzu ka ɗauki rautar da doguwar wayar wuta ka zagaya da ita taga-taga, kana ba ta minti ɗaya ko biyu a kowace, kana duba lambobin. Sau da yawa tazarar taku biyar, ko ɗagawa daga kan tebur zuwa saman taga, tana canza abin da kuɗi bai canza ba. Idan rautar na da ramin jona eriyar waje a bayanta, eriyar da ake ɗaurawa a bango a fuskantar da ita ƙarfen sabis halal ce, domin ba ta sake watsa sabis kamar waccan bustar ta saman rufi, kuma tana aiki.

Idan cunkoso ne, babu dabarar cikin gida da za ta fitar da kai. Ka ari layin wani kamfani ka gwada a wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Layin da ke gudu a Sabon Gari zai iya rarrafe a Hotoro, kuma shawarar abokinka da ke wata unguwa ba hujja ba ce a taka.

Wani lokacin kuma matsalar ta fi ƙarfin unguwa da gari. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan kebul na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a yankin gaɓar Kodebuwa, intanet ya tsuke a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen yammacin Afirka, bankuna ma suka ji a jikinsu. A irin wannan rana wanda ya hau rautarsa da tsinke yana sake saiti ƙarin aiki kawai ya jawo wa kansa. Ka tambayi maƙwabci tukuna.

A nan kamfanoni ma suna da nasu kason na laifi. Ana rubuta wa mutane "babu iyaka" da manyan baƙaƙe, a ɓoye sharaɗin da ke cewa idan ka kai wani adadi za a rage maka gudu a cikin rubutun da sai da tabarau. Ana sayar da rauta a unguwar da an san ƙarfen sabis ɗinta ya riga ya cika. Ka kira layin ƙorafi, abu na farko kuma na ƙarshe da za a ce maka shi ne kashe ka kunna. Don haka ka riƙa ɗaukar hoton sakamakon gwajinka da rana da lokaci, ka kai ƙorafi, ka karɓi lambar ƙorafin. Idan an yi biris da kai, a Najeriya NCC na da layin kyauta na masu amfani da waya, 622, kuma lambar ƙorafin nan za su fara tambayarka.

Idan ciwon na cikin gida ne

Ga yadda nake tarar da rauta a gidaje da yawa: a bayan talabijin, a kan dikoda mai zafi, kusa da ƙasa, wayoyin wuta sun nannaɗe ta, an kuma lulluɓe ta da ƙyalle mai ado saboda ƙura. Ka ɗora hannu a kanta ka ji ta kamar an sauke daga wuta. Wani kuma a cikin kabad ɗin ƙarfe ya kulle ta don kada yara su taɓa. Sannan a ce WiFi ba ya kaiwa ɗaki.

Siginar rediyo ce, kuma gininmu ba ya tausaya mata. Bulon siminti na cinye ta, rufin kankare mai rodi ya fi ci, ƙofar ƙarfe da kwanon rufi da madubi da firij kuwa mayar da ita baya suke yi. Ruwa ma na shanye ta, har da tankin da ke tsakar gida. Don haka nisan da aka rubuta a kwali bai shafi gidan bulo mai bene ba. Ka fito da rautar fili, ka ɗaga ta sama da kan mutum, ka kusantar da ita tsakiyar inda ake zama, eriyoyinta a tsaye. Ka ƙirga bangon da ke tsakaninta da kowane ɗaki. Daga uku zuwa sama, kada ka sa rai.

Zubin nan biyu kowanne da amfaninsa. Na gigahaz 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma ya fi jinkiri da cunkoso, domin a nan Bluetooth yake, a nan na'urar ɗumama abinci ke zubar da hayaniyarta, a nan rautocin maƙwabta suke. Na gigahaz 5 ya fi gudu da tsabta, amma bango biyu sun isa su karya shi. Talabijin da kwamfutar da ke kusa su hau na 5, wayoyin ɗakunan nesa su zauna a na 2.4. Idan a gidan haya kake ko rukunin gidaje inda sunayen WiFi ke fitowa rututu, ka shiga saiti ka zaɓi tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11 a zubin 2.4. Su ukun ne ba sa hawa kan juna. Wanda ya zaɓi 3 ko 9 yana ganin ya kauce wa jama'a, ya shiga hayaniyar ɓangare biyu ne.

Za ka lura akwai saɓani: sim na son bakin taga, WiFi na son tsakiyar gida. Maganinsa kebul ne. Ka bar rautar sim a tagar da ta fi kama sabis, ka ja kebul ɗin intanet nau'in Cat5e ko Cat6 zuwa tsakiyar gida ko saman bene ko sashen uwargida, ka jona rauta ta biyu a can a matsayin mai watsawa kawai. Kebul ɗin nan na kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, bango kuma bai dame shi ba. Tsohuwar rautar da ke cikin durowa ma za ta yi wannan aiki, muddin ka kashe mata rabon adireshi, wato DHCP, don kada su biyu su riƙa rabawa su rikita wayoyi. Mutane na gudun kebul saboda huda bango da ƙusa, amma shi ne gyaran da ake yi sau ɗaya a huta. Wanda ba zai iya jan kebul ba sam, a nan ne kawai mai maimaita sigina ke da gurbi, kuma a tsakiyar hanya ake sa ta, inda siginar ke da sauran ƙarfi.

Kada a manta da wuta da zafi. Yawancin rautocin gida an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai inuwa ma na haura haka. Rautar da ke yankewa da tsakar rana ta dawo da yamma, zafi ne. Wadda ke mutuwa tana tashi da kanta, ka fara zargin cajarta, musamman idan ta asali ta ƙone an maye ta da wata. Ka duba a jikin rautar ka ga bolt nawa take so, galibi 12, da amfiya nawa, ka sayi daidai. 'Yar ƙaramar rauta mai batiri, wato MiFi, da ake bari a caji dare da rana kuwa, idan ka ga murfin bayanta ya fara ɗagowa, batirin ya kumbura. Ka cire shi nan take, wannan maganar gobara ce.

Wa ke shanye data?

Ƙorafi na biyu da ke bin na busta shi ne data na ƙarewa kafin wata, sai a ce kamfani na sata ko wani yaro a unguwa ya fasa WiFi ɗin. Kafin ka ɗauki alhakin kowa, ka san cewa waya na ɗaukar duk WiFi a matsayin kyauta. Da ta hau, sai ta fara sabunta manhajoji, ta tura hotuna da bidiyo ma'ajiyar Google ko iCloud, WhatsApp ya sauko da duk abin da aka zuba a zauruka. Talabijin ya zaɓi hoto mafi kyau da kansa. Netflix da bakinta ta ce kallon awa ɗaya a HD na iya cin gigabayit 3, a 4K kuma har 7. Ka lissafa da yara a hutu. Ka shiga saitin WiFi na kowace waya da kwamfuta ka nuna mata cewa wannan layin na awo ne: Android da Windows na da wannan zaɓi, iPhone ma na da yanayin tsimin data. Ka rage ingancin bidiyo a talabijin. Sannan ka buɗe shafin rautar ka duba jerin na'urorin da ke kanta. Idan akwai baƙo, a nan za ka gan shi. Kuma baƙon nan da wuya a ce fasawa ya yi. Ba shi aka yi. Tun daga Android 10 waya na iya nuna kalmar sirrin WiFi a hoton da wata wayar za ta ɗauka cikin daƙiƙa, ɗanka ya ba abokinsa, abokin ya ba wani.

Makullai biyu, kuma ɗaya ne kuke canzawa

Wannan ne gargaɗin da nake so ya zauna. Rauta na da kalmar sirri biyu. Akwai ta hawa WiFi, wadda kowa ya sani. Akwai kuma ta shiga saitin rautar kanta, wadda a na'urori da yawa take zuwa daga masana'anta a matsayin admin, sunan ma admin. Wannan ta biyun kusan babu mai canza ta. Duk wanda ya taɓa hawa WiFi ɗinka, baƙo ne ko almajirin gida ko mai gyaran fanka, zai iya buɗe wancan shafi ya karanta komai, ya canza komai, ya kore ka daga rautar da ka saya da kuɗinka. Idan mai sim ce, a yawancinsu zai iya karanta saƙonnin da ke shigowa layin. Mafi muni, zai iya canza adireshin DNS, wanda ke nuna wa wayoyinku hanyar kowane shafi, ya karkatar da ku zuwa shafin bogi mai kama da na bankinku.

Kutse ta kalmar sirrin masana'anta ya riga ya faru a duniya. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗaruruwan dubban kyamarori da rautoci, kuma ba da wata gagarumar dabara ba: jerin sunaye da kalmomin sirri na masana'anta kusan 60 take gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka yi amfani da na'urorin da ta kame aka afka wa kamfanin Dyn mai hidimar DNS, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka gagari mutane a Amurka da Turai. Masu na'urorin ba su ma san da su aka yi aikin ba.

Don haka ka canza ta. Ka canza ta yau, kafin ka matsar da rautar, kafin ka ja kebul, kafin komai. Kada ta zama ɗaya da ta WiFi. Ita ma ta WiFi, ka daina sa lambar wayarka ko sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa ko 12345678. Ƙa'ida ta yarda da harafi 8 har zuwa 63, ka haɗa kalmomi huɗu da ba su da alaƙa da juna ka sa lamba a tsakani. A wajen nau'in tsaro ka zaɓi WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018 idan na'urorinka sun san shi. Idan WEP kaɗai rautarka ta sani, wanda masana suka fasa tun 2001, ta gama aiki. Ka kashe WPS, hanyar haɗa na'ura da rauta ba tare da kalmar sirri ba: a ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambarsa mai alƙaluma takwas ana iya cinko ta a gwaji da bai wuce 11,000 ba, abin da kwamfuta ke gamawa cikin awanni. Ɓoye sunan WiFi kuwa ba tsaro ba ne, kanka kawai kake wahalarwa. Baƙi ka buɗe musu layin baƙi, yawancin rautoci na da shi, ka riƙa canza kalmarsa. Idan masana'anta ta fitar da sabuntawar manhajar rautar, ka sa. Na sake faɗa: duk waɗannan ba su da amfani idan admin na nan a matsayin admin, domin mai shiga zai warware su cikin minti ɗaya.

Ka kuma bambance kashewa da kunnawa da danna ɗan ramin nan da aka rubuta Reset. Zare wuta na rabin minti ka mayar, ba ya goge komai. Tsinke a ramin Reset kuwa yana share duk saitin: sunan WiFi, kalmomin sirrin da ka wahala ka sa, har da bayanan shiga da kamfanin faiba ya saka, waɗanda yawancin masu gida ba su taɓa gani ba. Rautar ta koma admin ɗinta na masana'anta, kai kuma ka koma jiran ma'aikacin kamfani.

Wannan ya kawo ni kan abokan sana'ata masu haɗa wa mutane. Da yawa sukan haɗa su tafi da kalmar sirrin saiti a aljihunsu, don duk abin da ya taso sai an kira su an biya. Wasu kalma ɗaya suke sa wa duk gidajen da suka yi wa aiki. Wannan cin amana ne, kuma shi ke zubar da mutuncin masu yi don Allah. Kai maigida, ke uwargida, kada ku sallami mai haɗawa sai ya rubuta muku a takarda adireshin shiga rautar, da kalmomin sirrin nan biyu, da bayanan kamfani idan akwai. Ku sa ya auna gudu a gabanku a kowane ɗakin da za a yi amfani da shi, ya rubuta lambobin a takardar. Bayan ya fita ku canza kalmar saitin da hannunku, ku gyara a takardar, ku ajiye ta tare da takardun gida. Wanda ya ƙi ba ku waɗannan bayanai, kada ku cika masa kuɗin aikinsa.